Riyal, Sefa da Fam: Wace Hanya Ta Fi Kawo Kuɗin Ɗan Ci-rani Gida Sakkwato?

Akwai hukuncin da gidaje da yawa a Sakkwato suka yanke tun zamanin Emefiele, tsohon gwamnan Babban Banki, har yau kuma ba su waiwaye shi ba: wai duk wanda ya bari banki ya canza masa kuɗin waje ya tafka asara, farashi yana hannun ɗan canji. A lokacin babu ƙarya a ciki. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura 700. Wanda ɗansa ya aiko masa da dala 100 daga Riyad ko Landan, in ya yarda aka ba shi naira a farashin banki, ya bar sama da naira 24,000 a kan kanta. Shi ya sa a shekarun nan mutum yakan karɓi takardar dalarsa a banki, ya hau kabu-kabu ya kai wa ɗan canji.

Abu biyu suka rushe wannan lissafi. Ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashinsa wuri ɗaya, ya saki naira kasuwa ta yi mata kuɗi. Sai kuma ƙarshen Janairun 2024, lokacin Olayemi Cardoso ya riga ya karɓi bankin, aka sabunta ƙa'idojin kamfanonin aiko da kuɗi irin su Western Union da MoneyGram. Naira kaɗai za su biya, ba dala ba. Abin da ya wuce kwatankwacin dala 200 sai ta asusun banki, ba a miƙa shi hannu. An kuma cire musu takunkumin farashi, kowa ya sa abin da kasuwa ta ba shi. Da tafiya ta yi tafiya, ratar da ke tsakanin farashin hukuma da na bayan fage ta tsuke ƙwarai, har akan wayi gari manhajar waya ta fi ɗan canji biya. Wanda yake zaɓen hanya da ilimin 2022, yana biyan kuɗin haɗarin da ba shi da sauran riba.

Kafin a kwatanta hanyoyin, a daidaita ma'auni. Ba kuɗin caji ake dubawa ba, ba kuma "nawa dala take yau" ba. Tambaya ɗaya ce: in na fitar da riyal 1,000 daga aljihuna yanzu, naira nawa za su shiga hannun Inna, kuma yaushe? Kamfanin da ya rubuta "kyauta ne, babu caji" ba waƙafi ya buɗe ba. Ribarsa tana cikin farashin da ya ba ka, kamar mai hatsin da ya cika maka gyara alhali gindin mudunsa a bubbuge yake.

Ga misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai, ba farashin yau ba ne. Kamfani na farko ba ya caji, yana ba da naira 388 a kan riyal. Na biyu yana cire riyal 20, amma yana ba da 397. In riyal 300 za ka tura, na farko zai sauke naira 116,400, na biyu 111,160. In 1,000 ne, sun kusa yin kunnen doki: 388,000 da 389,060. In kuwa riyal 5,000 ne, na farko 1,940,000, na biyu 1,977,060, bambancin ya haura naira 37,000. Ke nan kamfanin da ya dace da kuɗin cefane ba lallai shi ya dace da kuɗin bulo da siminti ba. Mutane da yawa sukan saba da manhaja ɗaya su riƙa tura komai ta cikinta shekara da shekaru, ba su taɓa buɗe ta biyu sun gwada ba.

Akwai kuma dabarar gane ko an rage maka, wadda ba ta buƙatar kowa. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 dala ɗaya. Dirhamin Dubai 3.6725, riyal ɗin Katar 3.64. Sefa kuma a ɗaure take da yuro tun 1999, sefa 655.957 yuro ɗaya. Saboda haka in ka ji dala tana naira 1,500, raba da 3.75, riyal ya kama 400. Wanda ya ce zai ba ka 395 ya ci halalinsa. Wanda ya ce 370 ya ɗauke maka kashi 7 da rabi cikin 100, ko da fara'a ya yi maka. Fam ɗin Ingila da yuro ba a ɗaure suke ba, su sai ka duba farashinsu na ranar.

Wanda yake da takardu, aikinsa ya yi sauƙi. A Saudiyya mai igama, wato takardar izinin zama, yana da Tahweel na bankin Al Rajhi, da Enjaz na bankin Albilad, da manhajar STC. A Dubai da Sharja akwai shagunan canji masu lasisi irin su Al Ansari da LuLu. Likitocinmu da ma'aikatan jinya da ɗalibai da ke Ingila, Kanada ko Amurka suna da LemFi, Sendwave, Remitly, WorldRemit, TapTap Send. Yawanci kuɗin kan faɗa asusu cikin mintuna, wani lokaci sai an kwana. Abin da wannan hanya ta fi saura da shi ba farashi ba ne, rasit ne. In kuɗi suka maƙale kana da lambar da za ka bi sawu da ita, akwai kamfanin da za ka kama, akwai hukumar da ke samansa. Ranar da banki ya tambayi ƙanenka daga ina miliyan uku suka shigo asusunsa, yana da amsa a rubuce.

Aibinta kuma sananne ne. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin sunan da aka rubuta da wanda ke kan BVN, sai a riƙe kuɗin, kuma mu nan Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne, kwamfuta ce ba ta sani ba. In adadin ya yi yawa sai a nemi shaidar albashi. Ga iyakar abin da za ka iya turawa a wata. Wanda ke Amurka ya sani cewa daga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 cikin 100 a kan abin da aka tura da tsabar kuɗi a kanta, amma ba ya hawa kan wanda aka cire daga asusun banki ko katin banki. Gaba ɗaya dai aiko da kuɗi Afirka ta kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada: a ƙididdigar Bankin Duniya ta ƙarshen 2023, tura dala 200 yana cin kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu kashi 3 ne kafin 2030. Manhajojin waya su ne suka fi sauko da wannan tsada, kantunan karɓar tsaba su ne suka fi riƙe ta. A Najeriya, ƙasar da ake aiko mata da wajen dala biliyan 20 a shekara, kashi ɗaya ma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin 'yan Sakkwato da ke neman kuɗi a waje ba likitoci ba ne. Akwai matan da ke aikatau a Makka da Jidda, akwai direbobi da masu kiwo, akwai samarin da suka bi ta Agadas suka shiga Libiya ko Aljeriya. Da yawansu ba su da takardar zama, ko kuma igamar ta mutu ba a sabunta ba. Su ba zaɓi suke yi tsakanin manhaja da ɗan canji ba, ɗan canjin kaɗai gare su. Don haka ya kamata a san yadda hanyar take aiki, a daina ɗaukarta kamar tsafi.

Kuɗin ba sa tsallake teku. A ce kina aiki a Makka, kin ba wakilin ɗan canji riyal, shi kuma yana da ɗan kasuwar Kano ko Sakkwato da ke son riyal don ya biya kuɗin dabino, abaya, jallabiya ko turare. Ɗan kasuwar ya zuba naira a Najeriya, wakilin ya biya masa kaya a can da riyal ɗinki, nairar kuma aka tura wa mahaifiyarki. Shi ya sa farashin wannan hanya yake hawa da sauka da yunwar 'yan kasuwa. Gabanin azumi da lokacin aikin Hajji, da masu saro kaya da maniyyata suka yi yawa, mai riyal yakan samu farashi mai kyau. Bayan alhazai sun dawo da ragowar guzuri a aljihu, kasuwar takan yi sanyi. Ba ta neman BVN, ba ta tambayar igama, ana yin ta tsakar dare, wakilin ma yakan ranta maka kafin albashi in an kwantar da wani naka a asibiti. Babu manhajar da za ta yi maka wannan.

Haɗarinta kala uku ne, kuma na ukun ne aka fi mantawa. Na farko cin amana, ko karyewar jari: mutumin kirki ne shekara biyar, rana ɗaya farashi ya juya masa, ya fara biyan na jiya da kuɗin na yau har abin ya tsinke. Na biyu hukuma. A Saudiyya tura kuɗi ta hanyar da ba ta da lasisi laifi ne, in aka kama wakili aka tasa ƙeyarsa zuwa gida, littafin da ya rubuta sunanki a ciki ya tafi ke nan. Wanda ke aron igamar aboki ya tura ta banki ma ya sani abokin yake jefawa cikin tambaya, domin ana lura da mai tura abin da ya fi ƙarfin albashinsa. Na uku: nairar da ta faɗa asusun mahaifiyarki daga asusun wanda ba ku sani ba ta fito. In kuɗin damfara ne, ko, Allah ya tsare, kuɗin fansa ne da ake son a wanke, masu bincike sawun asusu suke bi. Tsohuwa a Mabera ko Gidan Igwai za ta je wurin mai POS a ce mata an rufe asusunta, ita ko sunan wanda ya turo ba ta taɓa ji ba. A yankin da garkuwa da mutane ta yi katutu, wannan ba labarin nesa ba ne. Wakilin da kullum kuɗinsa daga asusu ɗaya mai sunansa ko sunan shagonsa suke fitowa ya fi wanda yau Emeka ya turo, gobe Bello, jibi wani kamfani, ko da na biyun ya ɗara shi da naira biyar a riyal.

Nan ne ma fiƙihu ya riga mu. Hadisin Ubadatu ɗan Samit ya zo da hukuncin canjin zinari da azurfa: idan jinsi ya bambanta, a sayar yadda aka ga dama matuƙar hannu da hannu ne. Malamai sun ɗauki riyal da naira a matsayin jinsi biyu, saboda haka ciniki a kan farashi halal ne, jinkiri ne matsala, kuma Malikiyya da muke bi ba ta da sassauci a kan jinkiri a canji. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki shigar kuɗi cikin asusu daidai da karɓa a hannu. To "kawo riyal ɗin, jibi in sha Allahu za su ga alat" ya saɓa wa wannan sharaɗi, kuma daidai wannan kwana biyun ne kuɗin mutane suke salwanta a ciki. Ka tsaya gaban wakili, ya tura, a kira gida, a duba asusu a ga kuɗin da ido, ba saƙon waya kawai ba tunda akwai alat na bogi, sannan ka saki riyal ɗinka. In kuɗin suna da yawa, a raba su kashi uku ko huɗu, kowane ya sauka kafin a miƙa na gaba.

Maganar Nijar daban take, kuma a nan ban ga abin da ya kama ƙafar ɗan canji ba. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, da Gada da Tangaza da Sabon Birni, sefa da naira suna cuɗanya tun kafin a san wani abu wai shi manhaja. In ka bi ta banki, sai an juya sefa zuwa yuro ko dala sannan a juya ta naira, kowace juyawa da ladanta. Ɗan canjin Illela kuwa juyi ɗaya zai yi, kuma yana da masu albasa da dabbobi da ke neman kowanne ɓangare. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe, motoci ne suka tsaya, canji bai tsaya ba. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne ba sai an ɗauko buhun kuɗi an bi ta Gwadabawa da Kware ba. Mai aiki a Yamai ko Tawa yakan tura sefa ta NITA, Amana ko Al Izza zuwa ga ɗan canjin da ya sani a Ƙonni, shi kuma ya yi masa tiransifar naira. Akwai cajin kamfanin na Nijar, a haɗa shi cikin lissafi. Don awo kuma: in yuro yana naira 1,700, jika ɗaya, wato sefa 1,000, ta kama wajen naira 2,590.

Baƙinmu 'yan Nijar da ke ci-rani cikin garin Sakkwato, masu ga-ruwa da masu gadi da masu shayi, su abin ya juye musu. A 2014 jikar sefa ba ta kai naira 400 ba, a mafi yawan watannin 2024 kuwa ta haura naira 2,000. Gumin ɗaya ne, abin da ke isa gida ya zama ɗan kaɗan. Ƙa'idar 2024 kuma shigo da kuɗi kawai ta yarje wa kamfanonin aikawa, ba fitarwa ba, don haka su ma ɗan canji ne madafarsu. Shi ya sa wasu suka koma aika kaya maimakon kuɗi, wasu kuma suka tattara suka nufi ƙasashen da ake biya da sefa.

Tsabar kuɗi a jaka fa? Wanda zai dawo gida hutu yana iya riƙo wani abu, amma ya san abin da ke jiransa a teburin ɗan canji.

"Alhaji, riyal nawa anka buɗe yau?"

"Saisuwa za ka yi ko saye?"

Ba zai faɗi lamba ba sai ya ji amsar nan, domin farashi biyu gare shi kuma tsakaninsu yake ci. Sau da yawa ma sai ya ɗaga waya ya ji yadda kasuwar canji ta Wapa ta tashi a Kano ko ta Zone 4 a Abuja, sannan ya danna lambar a kalkuleta ya juyo maka da ita. Daga nan zai bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wannan sama, ya murza wancan. Dala 100 shuɗiya, wadda Amurka ta fitar a 2013, ita ce mai cikakken farashi. Tsohuwar takarda, da 'yan 20 da 10 da 5, da wadda aka yi wa rubutu ko ta ɗan yage, duk zai ce sai an rage. Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa karɓar tsofaffin takardun dala da ƙananansu, tun 2021, ya sake nanatawa a 2024, saboda haka mai irin waɗannan in yana da asusun dala gara ya zuba su can da ya bari a zaftare masa. Mai riyal kuma kada ya canza shi zuwa dala a can don ya zo nan ya sake canzawa, sai in ya lissafa ya ga juyi biyun sun fi ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Kantunan canji na filayen jirgin sama a ko'ina su ne mafi munin farashi. Abin da ya wuce dala 10,000 ko kwatankwacinsa dole a bayyana wa kwastam a Najeriya, rashin yin haka na iya jawo a ƙwace kuɗin. Mata masu zuba albashinsu a zinari don su dawo da shi su tuna kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Bai wa alhaji ko mai Umara saƙon kuɗi kuwa, ni ba na so: in sun ɓata, zumunci ne zai biya.

Kan lasisi kuma, ranar 1 ga Maris ɗin 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya, daga baya ya ɗaga jarin da ake bukata zuwa naira biliyan 2 ga manya, miliyan 500 ga masu aiki a jiha ɗaya. Ma'ana, da yawa daga waɗanda muke mu'amala da su a bakin titi da cikin kasuwa ba su da takardar da za ka kai ƙara da ita. Mutunci da sanin gidan mutum ne jinginarka.

Wanda ke tara kuɗi don abu babba, fili a Arkilla ko aure ko jarin dawowa, tambayarsa ba ta hanya ba ce kawai, ta lokaci ce: ya canza yanzu ko ya riƙe? Naira a ajiye tana narkewa, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Amma riƙe dala ma ba tabbas ba ne. A Fabrairun 2024 ta doshi naira 1,900 a bayan fage, kafin ƙarshen Afrilu ta faɗo ƙasa da 1,300, sannan ta sake hawa ta haura 1,600 kafin shekara ta ƙare. Waɗanda suka saya a sama suka tsorata suka sayar a ƙasa sun ji jiki. Ra'ayina, kuɗin da ba a bukatarsu yanzu su zauna a kuɗin da aka same su, ko a asusun dala, a riƙa canza daidai abin da aiki ya kai. Tunda kamfanonin aikawa sun daina biyan dala, asusun dala sai ta tiransifar banki zuwa banki, wadda kan ɗauki kwanaki, bankunan tsakiya kuma su yanki nasu a hanya. Ba ta da ma'ana a kan dala 200, tana da ma'ana a kan 5,000. Reshen banki a Sakkwato kuma ba kullum yake da takardar dala a ƙasa ba, a sanar da su tun da wuri. Daga 2025 an buɗe asusu na musamman ga 'yan Najeriya mazauna waje, an kuma ba su damar yin BVN daga inda suke. Wannan ya rage dalilin ajiye gumin shekara biyar a asusun yaya ko kawu, wanda daga "ara zan yi in mayar" ake kaiwa ga zaman sulhu a zaure.

USDT, kuɗin kirifto da ke ɗaure da dala, ita samari suka fi yabo, kuma gaskiya tana da sauri, farashinta ma yakan yi kyau. Sai dai duk haɗarin nan na karɓar naira daga asusun baƙo yana cikinta, har ya fi na wakili, ga shi in ka kuskure adireshi babu mai dawo maka da ko sisi. Binance, dandalin cinikin kirifto, ta daina hulɗa da naira a Maris ɗin 2024 bayan rikicinta da gwamnati. Duk wanda kuma ya ce ka zuba kuɗin ya ninka maka cikin wata, ka tuna manhajar CBEX da ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Ɗan kasuwar da ya san kanta ya yi abinsa. Kuɗin abincin tsofaffi kada su bi ta nan.

Saura zangon ƙarshe, wanda mai aikowa ba ya gani. Kuɗi sun shiga asusu, amma Baba yana Goronyo ko Isa, banki ya yi nisa, hanya ba ta da daɗi, mai POS zai cire nasa a kan kowace dubu goma, in tsaba ta yi wuya kamar farkon 2023 ya ninka. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, masu kuɗi a asusu sun zauna da yunwa. Ga irin wannan gida, hanya mafi arha sau da yawa ita ce kada kuɗin su zama tsaba sam: a yi wa mai shagon hatsi tiransifa ya auna musu, a biya makaranta da mai magani kai tsaye, abin kashewa kaɗan ne za a cira. Asusun da za a riƙa turowa ya zama da sunan mai kuɗin, an haɗa shi da BVN da NIN, an kuma ɗaga matakinsa, don ƙananan asusu na OPay ko Moniepoint ko ma na banki suna da iyakar abin da suke ɗauka. Wanda ba ya son hulɗa da kuɗin ruwa yana da Jaiz da TAJ. Inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, a bankunan kasuwanci naira miliyan 5 ce ga kowane mai ajiya, wanda ya tara fiye da haka a banki ɗaya ya tuna bankin Heritage da aka soke wa lasisi a Yunin 2024.

Da ƙanena ne ke Jidda da igama a hannu, zan ce ya ajiye manhaja biyu a wayarsa, ranar albashi ya rubuta adadi ɗaya a kowacce ya bi wadda ta fi sauke naira, ya bar wakili sai ranar gaggawa. Da ƙanwata ce ba takarda, zan ce ta riƙe wakili ɗaya wanda aka san gidansu a nan, ta riƙa turowa kaɗan-kaɗan duk wata, kada ta bar masa ajiya ko na mako guda. Mai sefa ya bi ɗan canjinsa, amma ya kira biyu kafin ya sallama wa ɗaya.

Ranar da aka tura ma tana da tasiri. Kasuwar canji ta bankuna Litinin zuwa Juma'a take ci, Asabar da Lahadi ɗan canji da manhaja duka sukan faɗaɗa ratarsu don ba su san yadda Litinin za ta buɗe ba. Hutun mai aiki a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, sai ya zamana Asabar ɗin da ya samu sukunin zuwa tura kuɗi tana cikin ranakun da farashi ya fi tauri. In ba asibiti ba ne, ya jira Talata ko Laraba da hantsi.